Shin Lucille Ball ce take ƙirƙirar barkwancinta, ko rubuta mata ake yi?

Malama Hajara:
Assalamu alaikum. Ina nazarin tarihin wasan barkwanci a talabijin, kuma na kalli wasu sassa na I Love Lucy, shirin da tashar CBS ta Amurka ta nuna daga 1951 zuwa 1957. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda Lucille Ball take ba da dariya tamkar a nan take abin ya faɗo mata. Shin jigon labari kawai ake ba ta ta ƙarasa da bakinta, kamar yadda aka saba a yawancin wasannin kwaikwayonmu na Hausa, ko kuwa akwai mai rubuta mata?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam, Malama. Rubuta mata ake yi, kuma cikin masu rubutun har da mace, wato Madelyn Pugh, wadda aka haifa a Indiyanafolis a 1921. Aikin jarida ta karanta a Jami'ar Indiyana, ta fara rubutu a gidan rediyo, sannan ta koma Kalifoniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da maza da yawa suka tafi fagen fama aka sami gurbin da mata za su shiga. A CBS ta haɗu da Bob Carroll Jr., suka riƙa rubuta wa Ball shirinta na rediyo, My Favorite Husband, a ƙarƙashin Jess Oppenheimer. Da aka koma talabijin, su ukun nan kaɗai suka rubuta I Love Lucy har shekara huɗu, kashi talatin ko fiye a kowace shekara, kafin a ƙara musu Bob Schiller da Bob Weiskopf a 1955.

Hajiya Rabi:
Ƙari a kan bayanin Malam, 'yar'uwa, ki lura da yadda ake ɗaukar shirin, domin amsar tambayarki tana nan. Da kyamara uku ake ɗauka a kan fim, a gaban 'yan kallo da ke zaune a ɗakin, saboda haka dole kowa ya san inda zai tsaya da lokacin da zai motsa, in ba haka ba kyamara ta rasa shi. Shi ya sa Pugh da Carroll suke rubuta kowane motsi da manyan baƙaƙe, daga hannun da za ta ɗaga har zuwa yadda za ta yamutsa fuska. Bugu da ƙari, Pugh takan gwada abin da kanta kafin a kai wa Ball, don ta tabbatar mace za ta iya yinsa ba tare da ta ji ciwo ba. Ki sake duba wurin da ake naɗe cakulan a masana'anta a shirin 1952, inda injin da ke kawo cakulan ya ƙara gudu har Ball ta shiga cusa cakulan a baki da hula da cikin riga. Duk wannan ruɗewar shiryayya ce tun daga takarda.

Malam Sabo:
Gaskiya ne, Hajiya, amma kada mu tauye wa Ball haƙƙinta, domin takan yi kwanaki tana maimaita motsi guda har ya zauna mata a jiki, kuma ita da bakinta ta sha danganta nasarar shirin ga marubutan. Su ma marubutan ba a sakar musu mara ba. Lokacin da Ball ta sami juna biyu a 1952 aka sa labarin a cikin shirin, CBS ta hana a ambaci ciki ɓaro-ɓaro, kuma sai da malaman Kirista da na Yahudu suka duba rubutun kafin a ɗauka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, Ball ta karɓi lambar yabo ta Emmy saboda wannan shiri, amma Pugh da Carroll an sa su takara ba su samu ba, ko da yake sun ci gaba da aiki tare kusan shekara hamsin. Carroll ya rasu a 2007, Pugh kuma a 2011.