Na'urar lab tana ɓacewa duk sanda aka ɗauke wuta

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Na haɗa spektirofotomita ɗinmu na lab (na'urar da ke auna yawan hasken da samfur ke sha) da kwamfuta ta kebul ɗin RS-232 zuwa USB, daga gida nake shiga ta AnyDesk (manhajar shiga kwamfuta daga nesa) ina duba sakamako. Da an ɗauke wuta an tada janareta kwamfutar tana dawowa lafiya amma manhajar spektirofotomitan sai ta ce bata ga na'ura ba, in na duba lambar COM (lambar da kwamfuta ke ba mahaɗin kebul ɗin) sai na ga COM3 ya koma COM5, dole sai na hau mashin naje na zare kebul na mayar. Na canza kebul, na sake saka direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kebul ɗin), baud (saurin aika bayanai) yana nan 9600, duk a banza. Jiya samfur 12 suka lalace min wallahi. Ya zan yi lambar COM ɗin ta daina canzawa?