Hoton Manhattan ya ƙi fita, QQ kuma ya kauce wa layi

Ɗaliba_Kawo:
Assalamu alaikum malamaina. Ina nazarin alaƙar ƙwayoyin gado da yawan HbF (haemoglobin na jarirai) a jinin masu sikila a nan Kaduna. Na gama --glm (gwajin alaƙa) a manhajar PLINK 2, na ɗora sakamakon a manhajar R, amma qqman, kunshin zane na R, ya ƙi zana Manhattan (hoton da ke nuna ƙarfin alaƙa a kowane kuromosom), wai CHR, wato kuromosom, sai ya zama lamba. A hoton QQ (mai kwatanta sakamakon da aka samu da wanda ake tsammani in babu alaƙa) kuma ɗigogin sun bar layi tun daga ƙasa, lambda (ma'aunin kumburin sakamako, wanda ya kamata ya kusanci 1) ya kai 1.18. Ina matsalar take?

Malam_TudunWada:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ta farkon mai sauƙi ce. PLINK 2 yana rubuta X da harafi, qqman kuwa lamba yake so, don haka ki ƙara --output-chr 26, X zai koma 23. Kan fayil ɗin yana farawa da #CHROM, read.table kuma yakan tsallake duk layin da ya fara da #, sai ki sa comment.char="". Ki sauya sunayen zuwa CHR, BP (matsayi a kuromosom), SNP (gurbin da harafin DNA ke bambanta tsakanin mutane) da P (p-value), ki bar layukan da TEST ɗinsu ADD ne kaɗai, ki cire masu NA. Ki adana a PNG, domin PDF mai miliyoyin ɗigo kan daskarar da kwamfuta.

Hajiya_Barnawa:
Ni dai lambda ɗin ne ya fi damuna, 'yata. Kar ki yarda da tsauni ko ɗaya a Manhattan sai kin gyara shi. Tashi tun daga ƙasa alama ce ta cakuɗuwar asali. Asibitin Kaduna yana haɗa Bahaushe, Bafulatani, Bajju, Atyap da Gbagyi, kuma yawan kowane SNP ya bambanta tsakaninsu. Ki tace SNP masu tafiya tare da --indep-pairwise, ki yi --pca 10 don auna bambancin asali, ki sa sakamakon cikin --covar (abubuwan da gwajin zai yi la'akari da su) tare da shekaru da jinsi.

Sai dangantaka. Wa da ƙani sukan zo asibitin sikila tare, ga kuma auren zumunci. --king-cutoff 0.0884 zai cire dangi na kusa. In mutanenki ba su da yawa, gara ki koma manhajar GEMMA, ta lissafa dangantakar ba tare da kin zubar da kowa ba. Ki kuma tambayi wa ke shan maganin hydroxyurea, don yana ɗaga HbF. Hoton QQ mai lafiya yakan bi layi, sai can ƙarshe ya ɗaga.

Injiniya_Kakuri:
Bayan gyara, jan layin qqman, iyakar da ake yarda da alaƙa, yana kan P na 5×10⁻⁸, wato 7.3 a ma'aunin tsaye na hoton Manhattan. Ki fara duba wuraren ƙwayoyin gado na BCL11A a kuromosom 2 da HBS1L-MYB a 6, sanannu ne kan HbF. Wurin buɗe su a LocusZoom (manhajar duba yanki ɗaya kusa-kusa) ki tabbatar wane bugun taswirar DNA bayananki ke kai, GRCh37 ko GRCh38, in ba haka ba ɗigon zai faɗa kan wata ƙwayar gado daban. A LD (yadda SNP ke tafiya tare a gado) ki zaɓi AFR, wato rukunin 'yan Afirka. Sai dai 'yan Najeriya da ke rumbun bayanan 1000 Genomes, inda AFR ya fito, Yarabawan Ibadan ne da Esan, babu Bahaushe, saboda haka ki lissafa r², ma'aunin LD, daga naki samfurin ki kwatanta.