Muhawara: Shin a Hana Ɗan Ƙasa da Shekara 16 Shiga Kafofin Sada Zumunta?

Shugaban zaure: Assalamu alaikum jama'a. Batun wannan makon ya samo asali ne daga maganar da Malama ta yi a taron iyaye da malamai, inda ta ce lokaci ya yi da Najeriya za ta bi sahun Ostireliya, ta hana duk wanda bai kai shekara 16 ba buɗe shafi a kafofin sada zumunta. Ga wanda labarin bai kai masa ba, majalisar dokokin Ostireliya ta amince da dokar a watan Nuwamba na 2024, ta fara aiki ranar 10 ga Disamba 2025, kuma ta haɗa da Facebook da Instagram da TikTok da Snapchat da X da YouTube. Dokar ba ta hukunta yaro ko iyayensa. Kamfanin da ya yi sakaci wajen hana yaran shi za a ci tara, har zuwa dalar Ostireliya miliyan 49.5. Malama, bismillah.

Malama: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana, kuma hujjata ta farko ita ce abin da idona ke gani a darasin farko na safe. Yarinya 'yar aji huɗu za ta shigo ido jawur, kafin in gama rubuta kan darasi a allo ta kifa kai a tebur, idan na matsa da tambaya sai ƙawarta ta faɗa mini cewa sai wajen ƙarfe biyu na dare ta ajiye waya. Datar dare ita ce mai araha, ita ce kuɗin tara na yaro ke iya saye, don haka lokacin da iyaye suka yi barci shi ne lokacin da kasuwar yaran ke ci. Abu na biyu, a 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida waɗanda suka nuna cewa binciken kamfanin da kansa ya gano Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar surar jikinsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin na sha ƙwace man bilicin da maganin ƙara ƙiba a jakar yaran da ba su kai shekara 15 ba, kuma idan na tambayi inda suka san shi, amsar ɗaya ce: wata ce ke tallarsa a TikTok. Kamfanin da ya san illar kayansa ya ci gaba da tura su ga yara bai cancanci a bar shi ya tsara wa kansa iyaka ba.

Mai shagon waya: Malama, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma bari in gaya miki abin da nake gani a shago. Tun yanzu akwai ƙa'ida, domin kusan dukkan manhajojin nan sun ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi. Yaro zai tsaya a gabana ya sauke manhaja, idan aka zo wurin shekarar haihuwa ya ja lambobin baya ya mayar da kansa ɗan shekara ashirin da wani abu, shi ke nan an wuce wurin. Sannan yawancin wayoyin da yara ke kawo mini caji ba nasu ba ne. Wayar uwa ce, ko ta yaya, ko ta aboki da ake karɓa-karɓa, kuma layin da ke ciki an yi masa rajista da sunan babba. Ta yaya kamfanin da ke Amurka zai gane cewa hannun da ke riƙe da wayar Hajiya da tsakar dare ba na Hajiya ba ne? Mun ga lokacin da gwamnati ta rufe Twitter, wato X a yanzu, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022: a 'yan kwanaki matasa suka koyi amfani da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake don ya shiga shafin da aka toshe, wasu ma a shagona suka koya wa junansu.

Ɗaliba: Ina neman afuwar iyayena da malamaina, amma ni ina cikin waɗanda dokar nan za ta tauye da a lokacinmu aka yi ta. Jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, kuma a makarantar da na yi ba mu taɓa zama gaban kwamfuta mai aiki ba. A zaurukan ɗalibai na samu tambayoyin shekarun baya, a YouTube na fahimci lissafin da ya gagare ni a aji, musamman a 2020 da cutar korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni. Game da bincike kuma, masana biyu na Jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun nazarci bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka gano cewa amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin matasa ta fuskar kwanciyar hankali ba. Idan haka ne, me ya sa za a ɗora wa waya laifin da talauci da cunkoson aji da rashin kulawa suke da kaso mafi girma a cikinsa?

Likita: Ƙanwata, binciken da kika kawo sahihi ne, sai dai a lura da abin da ya auna. Ya haɗa kowa da kowa ne ya fitar da matsakaici, da mai kallon darasi na rabin awa da mai kwana yana kallon bidiyo, kuma idan aka yi irin wannan haɗi, waɗanda abin ya yi wa mummunar illa sukan ɓace a cikin taro. A watan Mayu na 2023 babban jami'in lafiyar al'umma na Amurka a lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi, inda ya ambaci binciken da ya nuna cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a kafofin nan haɗarin samun alamun ciwon damuwa da fargaba ya ninka a gare su. Gaskiya ne masana na jayayya kan wanne ya riga, ko wayar ce ta jawo damuwar, ko mai damuwar ne ya fake a waya. Amma maganar barci ba ta da jayayya: matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare, kuma wanda ya kwanta ƙarfe biyu aka tashe shi da asuba bai samu ko rabi ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa a bainar jama'a ba. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraici sannan su nemi kuɗi da barazanar yaɗa shi. A Jihar Michigan ta Amurka wani yaro ɗan shekara 17 ya kashe kansa a 2022 bayan an yi masa haka, kuma wasu 'yan'uwa biyu daga Legas ne kotu ta ɗaure a 2024. Yaron da aka yi wa wannan a gidajenmu zai fi tsoron mahaifinsa ya sani fiye da tsoron ɓarawon, don haka sai ya yi shiru, ya saci kuɗi ya biya, ya rame a tsaye ba wanda ya san dalili.

Alhaji: Allah ya saka wa Likita da alheri. Ni a ganina ba sai mun jira Abuja ba, domin Allah ya ɗora wa kowane magidanci kiwon iyalinsa, kuma za a tambaye shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A gidana 'ya mace ba ta riƙe babbar waya sai ta gama sakandare, kuma ban ga abin da ya rage su da shi ba. Mazan na ɗan sassauta musu, saboda suna fita kasuwa kuma ana aikensu.

Ɗaliba: Baba, Allah ya ƙara girma, amma abin da kuka faɗa shi ne ainihin tsorona. Duk dokar hani da aka kawo ƙasar nan, a aikace a kan 'ya'ya mata za ta tsaya, domin su ne ke gida inda ido ke kansu, namiji kuwa zai fita majalisa ya ari wayar abokinsa. Alhali irin damfarar da Likita ya ambata ta fi faɗawa kan samari, haka ma cacar ƙwallo da ake yi ta waya, haka ma zaurukan da ake koya wa yara damfarar intanet. Sai a wayi gari an raba yarinya da wurin da take karatu, an bar ɗan'uwanta cikin haɗarin da aka ce shi ake gudu.

Alhaji: 'Yata, ban ce namiji ba shi da haɗari ba. Abin da na sani shi ne idan hoton yarinya ya fita, tabon ya kan bi ta har ranar da aka zo neman aurenta, kuma al'ummarmu ba ta yafe mata yadda take yafe wa namiji. Ba ni na tsara haka ba, amma a cikinta nake renon 'ya'yana.

Hajiya: Ni ba ni da ilimin bincike, amma ina da sana'a. Turaren wuta da humra nake haɗawa, kuma 'yata mai shekara 15 ita ke ɗaukar hoton kwalabe a kan farin ƙyalle, ta rubuta farashi, ta ɗora a Instagram da WhatsApp, ta amsa wa masu tambaya, saboda ni rubutun boko yana yi mini nauyi. Da cinikin nan nake biyan kuɗin makarantarta da na ƙannenta, kuma akwai masu saye daga Kaduna da Maraɗi waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Idan aka hana ta, an rufe mini shago. Amma kuma ba zan ɓoye ba, akwai mazan da ke shigowa da sunan ciniki su koma tambayarta shekarunta da unguwarsu, ita da kanta ta nuna mini. Abin da ke hana ni barci shi ne wanda ba ta nuna mini ba.

Barista: Hajiya, shafin sana'a da aka buɗe da sunanki dokar Ostireliya ba ta taɓa shi ba, kuma WhatsApp ba ya cikin manhajojin da ta hana. Amma matsalar da Malam mai shago ya kawo tana nan daram. Kafin kamfani ya san shekarun mutum, yakan nemi katin shaida ko ya duba fuskarsa, wato mutane da yawa, manya da yara, za su miƙa bayanansu ga kamfanin waje ko wakilinsa. Wannan ba ƙaramin farashi ba ne. Kuma muna da doka tun 2023, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta ce sai da izinin uwa ko uba ko mai riƙo za a sarrafa bayanan yaro. Iyaye nawa ne a zauren nan aka taɓa neman izininsu? Ni da za a bi tawa, da a kan ƙirar manhajar za a matsa, ba a kan shekarun shiga kaɗai ba. A ƙasar Sin, manhajar Douyin, wadda kamfanin da ya mallaki TikTok ke gudanarwa, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 14 minti 40 a rana tun 2021, kuma tana rufe musu daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Ke nan sun iya idan an tilasta musu. Abin da ke riƙe yaro har asuba shi ne bidiyon da ke biyo bayan bidiyo ba tare da ya nema ba, kuma da gangan aka gina shi haka, domin tsawon zaman mai kallo shi ne abin da ake sayar wa masu talla.

Malama: Barista, na yarda a matsa wa kamfanonin, amma ban ga yadda hakan ya rushe maganata ba. Na san za a yi ta tsallake dokar, kamar yadda ake samun yaro kan babur ba lasisi. Amfaninta shi ne ta ba uwa abin dogaro. Yau idan uwa ta hana ɗanta, amsar da take samu ita ce duk 'yan ajinsu suna da shi, kuma gaskiya ya faɗa, shi ya sa hanin gida ɗaya ba ya tasiri sai dai ya mayar da yaro saniyar ware. Idan aji guda ya fita tare, babu wanda aka bari a baya. Game da maganar ɗalibata kuwa, a Ostireliya yaro na iya kallon darasi a YouTube ba tare da shafi nasa ba, don haka karatun bai tsaya ba. Kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari cewa duk ƙa'idar da za a kafa ta hau kan namiji da mace daidai. Abin da zan kai gaban taron iyaye na gaba shi ne mu amince a tsakaninmu cewa daga ƙarfe goma na dare waya a ɗakin iyaye take kwana.

Mai shagon waya: Wannan mai yiwuwa ne, Malama, kuma ba ya buƙatar majalisa. Tun 2023 TikTok ya sa iyakar minti 60 a rana ga 'yan ƙasa da shekara 18, Instagram ma ya fito da shafin matasa a 2024 wanda ke taƙaita saƙon baƙi kuma yake kashe sanarwa da dare, amma duk waɗannan ba sa aiki a shafin da aka buɗe da shekarun ƙarya, kuma irinsa ne ya fi yawa a hannun yaranmu. Hajiya, shafin sana'arki na babba ne, don haka babu kariyar da ke kansa sai wadda kika sa da hannunki. Ki zo da wayar gobe tare da yarinyar, a gabanta za mu duba saƙonnin da ke jiran amsa, mu toshe waɗanda ba ciniki ya kawo su ba, mu haɗa shafin da lambarki yadda duk wanda ya shiga za ki sani. Kada a yi a bayan idonta, domin idan ta ga kamar tuhumarta ake yi, za ta buɗe wani shafin a wayar ƙawarta, wanda ke ba za ki taɓa gani ba.