Jirgin nan fa yana da matuƙi

1/ Malaman Hausa da 'yan jarida, ina roƙon mu sake zama a kan sunan jiragen nan da matasa ke kira duron. Gidajen rediyo sun tsaya a kan "jirgi marar matuƙi", kunne kuma ya saba. Ni dai ina ganin sunan bai faɗi gaskiya ba.

2/ Matuƙi yana nan, a ƙasa yake zaune. Hukumar ICAO, mai tsara ƙa'idojin zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, sunan da take amfani da shi yana nufin jirgin da ake tuƙawa daga nesa. Da gangan ta zaɓe shi. Binciken da ake yi kan yadda jiragen za su shiga hanyar jiragen fasinja, kusan duk a kan mutumin nan ya rataya: wa zai yi magana da hasumiyar filin jirgi, wa zai kauce idan jirage biyu suka doshi juna, me jirgin zai yi idan sadarwa ta yanke tsakaninsa da mai tuƙinsa. A Disambar 2018 rahoton ganin duron ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick na Ingila fiye da kwana guda, tashi da saukar jirage kusan 1,000 suka wargaje. Mutum 'yan sanda suka shiga nema.

3/ Abin da ya fi ci mini rai shi ne Tudun Biri. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin sojin ƙasa ya kashe masu Mauludi aƙalla 85 a Jihar Kaduna, rundunar kuma ta amsa cewa nata ne. In aka ce "marar matuƙi ya kai hari", mai sauraro sai ya ji kamar ba hannun kowa.

4/ Wasu sun ce "jirgin rimot". Ya dace da na masu ɗaukar hoton biki, amma jiragen kamfanin Zipline da ke kai magani asibitocin Kaduna tun 2022 hanyar da aka tsara musu a kwamfuta suke bi, ma'aikaci na sa musu ido daga cibiya. "Jirgin leƙen asiri" kuwa aiki ɗaya kawai ya ambata. "Mai matuƙin ƙasa" zai rikice da jirgin ƙasa.

5/ Zaɓina "jirgin tuƙin-nesa", jam'insa "jiragen tuƙin-nesa", mai aikin kuma "matuƙin nesa". Tsawon suna bai taɓa hana mu ba, ga a-kori-kura, ga a-daidaita-sahu. A hira a bar duron ya zauna yadda kwamfuta ta zauna. Amma a labarai, da ranar da za a fassara dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, zuwa Hausa, a sa sunan da ke nuna akwai wanda za a tambaya.

6/ 'Yan uwa na Nijar, musamman mutanen Agadas da Amurka ta yi sansanin jiragen nan a garinku har 2024, don Allah me kuke kiransu a can?