Hoton gidan da na ɗauka a Guzape ya fito kamar dalar gyaɗa

Ɗan Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ina hoton biki da suna, ban taɓa ɗaukar gini don talla ba sai makon jiya. Wani mai gina gidajen sayarwa ya ba ni aikin bene mai ɗaki biyar a unguwar Guzape ta Abuja. Na isa wajen ƙarfe ɗaya na rana, na tsaya bakin get da idon kyamara mai faɗin gani na 16mm, na ɗaga kan kyamara don rufin ya shigo. A allon kyamara komai lafiya lau. Ina buɗewa a kwamfuta sai ga gida ƙasa faɗi, sama tsuke, kamar dalar gyaɗa. A falo kuma tagogi fari fat, lunguna baƙi ƙirin. Mutumin ya duba ya ce, "Malam, ni dai ginin da na yi a miƙe yake." Ya ba ni zuwa Asabar. Don Allah kayan aikina ne suka gaza, ko ni ne?

Tsohon Mai Hoto (Jos):
Wa alaikumus salam ƙanena. Kai ne, amma kada ka damu, duk ta nan muka biyo. Da zarar ka ɗaga hancin kyamara sama, layukan bango sai su nufi juna. Ko kyamarar miliyan nawa ce haka za ta yi. Ka ɗora ta kan mai ƙafa uku, ka kunna layin nan na ciki da ke nuna ko ta karkace, ka saita ta daidai yadda magini ke saita bulo. In rufi bai shigo ba, ja da baya, ka koma idon 24mm ko 35mm, waɗanda ba su kai 16mm faɗi ba. Guzape ma ai tudu da gangare ce, da wuya ka rasa wurin da ya ɗan fi get ɗin tsayi. Na sha roƙon mai gadin maƙwabta ya bar ni in hau barandarsu. Ƙasa za ta yi yawa a hoton, sai ka yanke ta daga baya.

Akwai idon kyamara da aka ƙera don wannan aikin, irin TS-E 17mm da 24mm na Canon, wanda gilashinsa ke zamewa sama alhali kyamarar na tsaye cak. Yana da tsada, ban ba ka shawarar saye kan aiki ɗaya ba. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom na da wurin miƙar da layuka: ka ja layi biyu a gefunan bango, shi zai miƙe su. Sai dai yana cinye gefen hoto, don haka bar fili tun wurin ɗauka.

Amma babban laifinka ƙarfe ɗayan nan ne. Rana na tsakar ka, inuwar rufi ta rufe fuskar gida, intalok kuma na ƙyalli. Gano inda gidan ya fuskanta tukuna. Gabas, je da hantsi. Yamma, bayan la'asar. Yanzu da muke Disamba rana ta karkata kudu, gidan da ya kalli arewa ba zai sami haskenta a fuska ba sai wajen Afrilu zuwa Satumba. Irin wannan sai ka jira faɗuwar rana, a kunna duk fitilun ciki da na waje, ka sa ƙofar haske a f/8, ƙarfin karɓar haske (ISO) a 100, ka ɗauka lokacin da sama ta yi shuɗi. A nan ƙasarmu wannan hasken ba ya wuce minti 20, kuma daidai magariba yake faɗowa, don haka saita komai, ka yi alwalarka tun da wuri. Hazo ma a lokacin ba ya nunawa sosai, ba kamar da rana ba da sama ke zama kalar toka.

In ka shigo Jos, zo mu je gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya. Can nake kai yarana. Ginin ƙasa shi da kansa yake tsukewa ta sama, wanda ya miƙar da shi a kwamfuta ya yi masa ƙarya.

Maman Biyu:
Baba ya gama da waje, bari in taɓa ciki, don hoton ɗakunan hayar kwana nake ɗauka a Wuse 2 da Jabi. Hoto ɗaya ba zai riƙe hasken taga da duhun falo tare ba. Ɗauki uku ba tare da kyamara ta motsa ba, mai duhu da matsakaici da mai haske, wato -2 da 0 da +2, ka haɗa su. Kada ka cika gyara har taga ta yi kamar an liƙa kalanda. Ka sauke kyamara zuwa daidai ƙirji, ba ido ba.

Sannan duba silin. Masu wayarin kan gauraya farin ƙwan fitila da mai ruwan ɗorawa a falo ɗaya, bango ya fito rabi shuɗi rabi kamar an shafa manja. Kashe kala ɗaya. In ka ga zane-zane a hoto saboda fitila, sauko da saurin ɗauka zuwa 1/50 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, wutarmu 50Hz ce.

Kuma ka tafi da tsintsiya da tsumma, ɗan'uwa. Bokitin fenti, ledar kan soket, silifas ɗin mai gadi: minti biyar ne a can, awa guda ne a kwamfuta.

Dillalin Gwarinpa:
Ni ba mai hoto ba ne, da hotunanku nake cin abinci. Ku ji tsoron Allah da 16mm ɗin nan. Ɗaki ya fito kamar filin Idi, in kawo Alhaji tun daga Kaduna, ya leƙa sau ɗaya ya koma mota. Ni ake kira maƙaryaci, ba ku ba. Kuma in mai gidan ya ce a ɗauko masa ta sama, ka sani jirgin hoto marar matuƙi sai da izinin hukumar kula da jiragen sama, NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Guzape kuwa maƙwabciyar Asokoro ce, ba wurin gwaji ba ne.

Ɗan Kubwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na duba taswira, gidan arewa maso yamma ya kalla, kenan magaribar Juma'a zan je. Matsalar ita ce ba a riga an haɗa masa wuta ba. Na kira mutumin, ya ce zai aiko da janareta, amma man a kaina. Hajiya, ƙwan da ke falon duk farare ne, sai na baranda masu ruwan ɗorawa. Su ma in kashe su, ko in bar su don hoton waje?