Neman kalma: me za mu kira "ratings" na talabijin da Hausa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa shirin rediyo kan kokawar tashoshin talabijin na 'yan kasuwa a Amurka, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, wato ratings. NBC ta kafu a 1926, CBS a 1927, duk a zamanin rediyo. ABC kuma daga jikin NBC aka ɓallo ta a 1943, da hukuma ta hana kamfani ɗaya riƙe jerin tashoshi biyu. Da talabijin ya zo su ukun nan suka mamaye fage, ta huɗunsu DuMont ta rufe a 1956. Duk faɗan nasu a kan lambar yawan masu kallo da kamfanin Nielsen ke fitarwa ne, don da ita ake yanka farashin talla. Na rubuta "farin jini" amma raina bai kwanta ba. NBC ta Amurka fa nake nufi, ba hukumarmu ta Abuja ba.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Malam, ai farin jini ya yi. Kowa zai gane.

Baba na Kurna: Hajiya, za a gane, amma za a gane wani abu dabam. Farin jini ƙauna ce, ba a raba ta gida-gida. Wannan kuwa lamba ce da ake tsagawa: maza nawa, mata nawa, 'yan shekara 18 zuwa 49 nawa. A 1971 CBS ta soke shirye-shiryenta na rayuwar karkara, wasu suna tsaka da tashe, saboda masu kallonsu dattawa ne da mutanen ƙauye, masu talla kuma matasan birni suke nema. Farin jinin yana nan, bai hana a share su ba.

Ɗalibi daga Kabuga: Baba, to a ce "ƙidayar masu kallo" mana?

Baba na Kurna: Ƙidaya kowa ake bi a lissafa, ɗana. Su kuwa gidaje 'yan dubbai suke zaɓa su tsaya a madadin miliyoyi. Tun 1950 Nielsen ke wannan aiki a talabijin. Da farko na'ura ce ake maƙala wa akwatin tana rubuta tashar da aka kama da lokacin. Wasu gidajen kuma littafi ake ba su, su riƙa cikewa da hannu, ka san kuwa mutum zai manta, ko ya rubuta labarai alhali dambe ya kalla. Sai a 1987 aka kawo wadda kowa a gida yake da maɓallinsa, in ya zauna ya danna, in ya tashi ya danna. Ka je Dawanau ka ga mai sayen wake: ba ya zazzage buhu, ɗiba yake yi a tafin hannu, ya duba, ya yi ciniki a kan buhun duka. Haka abin yake.

Ɗalibi daga Kabuga: Ke nan "ƙiyasi"?

Ɗan Fagge: Ƙiyasi ya fi kusa, sai dai a kunnen Bakano kamar canki-canka ne, ka kalli taro ka ce za su kai dubu. Wani ya turo mini "maki" ta waya. Shi ma ban yarda ba, don maki alƙali ke bayarwa a kan kyau, kamar a musabaƙa, lambar nan kuwa ba ruwanta da kyan shiri.

Malama daga Gwale: Ni dai "awo" zan kawo. Awon kallo. Awo yana da ma'auni sananne, mai saye da mai sayarwa duk sun yarda da shi, kuma a kansa kuɗi ke fita. Ga shi yana juyuwa a baki: an auna shirin, awonsa ya hau, awonsa ya faɗi.

Maman Hanif: Malama, kada mata su ji awo su ɗauko katin asibiti fa!

Malama daga Gwale: Ai "kallo" da ke biye ya raba gardama, Hajiya. Kuma har wata garaɓasa ya ba mu. A can a da akwai Nuwamba, Fabrairu, Mayu da Yuli, watannin da ake tsananta binciken gidaje a kowane gari, tashoshi su ɓoye manyan shirye-shiryensu sai lokacin su sake su. Waɗannan "watannin awo" ke nan, ba sai mun wahala ba.

Baba na Kurna: Na karɓa, Malama, Allah ya ƙara basira. Saura abokiyar tafiyarta, wadda suke kira share, kada a cakuɗa su. Awo ana yin sa ne a kan duk gidajen da ke da talabijin, a kunne ko a kashe. Ɗayar kuwa a kan waɗanda suka kunna a daidai lokacin kaɗai. Ranar 28 ga Fabrairu 1983 da CBS ta nuna fitowar ƙarshe ta shirin M*A*S*H, awon ya kai 60.2 cikin ɗari, amma cikin talabijin da ke kunne 77 cikin ɗari shi suke kallo. Wannan ni "kaso" zan ce, tunda rabon da ka samu ne cikin waɗanda suka hallara. A nan Kano ma bambancin ya fi muhimmanci. In an ɗauke wuta a rabin gari awon kowa zai zube, amma kason ARTV ko Arewa24 zai iya zama yadda yake.

Ɗalibi daga Kabuga: To gidan kallon ƙwallo fa, Baba? Talabijin ɗaya, mutum ya fi hamsin a kan benci. Ga teburin mai shayi.

Baba na Kurna: Shi ya sa ban ce "awon gidaje" ba. Lissafin gida-gida nasu ne na can. "Awon kallo" zai ɗauki kowace hanya aka bi.

Ɗan Fagge: Bari in gwada a jimla. "A kakar 1976 zuwa 1977 ABC ta zo ta ɗaya a awon kallo karo na farko." "Fox da ta fito a 1986 ta ƙwace wasannin ƙwallon Amurka na NFL daga hannun CBS a ƙarshen 1993, awon CBS ya yi ƙasa." Sun zauna daram. Awon kallo, kason kallo, watannin awo, da su zan shiga situdiyo. Na gode ƙwarai. Malama, network fa? "Jerin tashoshi" na sa a sama, amma in kina da wadda ta fi ta ina saurare.