An taɓa ce muku "ku nemo jini"?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Damina ta kankama, kuma kowa ya san yadda ɗakin yara ke cika a asibitocin Damagaram daga watan 8 zuwa na 10. Wanda aka taɓa ce masa ya nemo jini, ko shi ya bayar, ya ba mu labari.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ni bara ta same ni. Autana masassarar cizon sauro ta kwantar da shi, ina ta ba shi sirop a gida. Da muka je, malamin asibiti bai ce komai ba, sai ya ja fatar idonsa ta ƙasa, ciki fari fat, tafin hannu ma haka. Ya ce ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga, ta hayayyafa, ta fasa su, shi ya sa yaro ke haki ko bai motsa ba, don su ke kai iska ko'ina a jiki. Ledar da ke ajiye a firigo aka sa masa, babansa ya ba da nasa a madadin. Ƙanen baban kuwa da ya ji zancen allura, fitsari ya ce zai je, sai washegari muka gan shi.

Mai kabu-kabu, Garin Malam: Hajiya, irin ƙanen mijinki sun fi yawa. Wai in an ɗiba ba ya dawowa, wai ƙarfin namiji zai tafi. Ni na daɗe ina bayarwa, kuma kullum ina kan babur daga Kasuwar Dole har Mirya. Babban mutum na da kusan lita 5 a jiki, ledar ba ta kai rabin lita ba, mililita 450 ce. Sau ɗaya jiri ya ɗebe ni, ranar da na je ban karya ba. Nawa O negatif ne, rukunin jinin da ake iya sa wa kusan kowa, shi ya sa wayata ba ta hutawa, ko da tsakar dare.

Ungozoma: Gaskiyarka ƙanena. Ruwan jinin kwana ɗaya zuwa biyu ya koma in ka sha ruwa sosai, jajayen ƙwayoyin ne ke ɗaukar makonni, ɓargo ke ƙera su. Don haka ake cewa namiji ya jira wata 3, mace wata 4. Sai ka kai shekara 18 da kilo 50. Kuma ba a sa wa kowa jini sai an auna shi: sida, ciwon hanta B da C, da tunjere. Abin da ke ci mini rai shi ne mace na zubar da jini bayan haihuwa, dangi sun cika tsakar asibiti da tabarmi da kwanonin abinci, ba wanda ya san rukuninsa, A ne, B, AB ko O. Mai naƙuda ba ta jiran a yi shawara.

Inna ta Zango: Ƴata, wannan negatif ɗin fa? Surukata an ce ita ce haka, har an yi mata wata allura bayan ta haihu.

Ungozoma: Inna, resus ke nan, wata alama ce a jikin jajayen ƙwayoyin jini: mai ita pozitif, marar ita negatif. In uwa negatif ce, jariri pozitif, jikinta na iya ɗaukar jininsa a matsayin baƙo, ya tanadi abin yaƙarsa. Cikin fari yakan tsira, na baya ke shan wahala. Allurar cikin awa 72 bayan haihuwa ake yin ta. Ki ce ta riƙe katinta, ta nuna shi duk cikin da ta samu.

Ɗaliba: Ni na je da niyya ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, aka soki yatsana, aka ce nawa ma bai ishe ni ba. Ƙwayar ƙarin jini na koma gida da ita, da umarnin cin hanta da zogale.

Mai kabu-kabu: Ki sha maganinki ƙanwata, in ya hau ki kira ni, ni zan kai ki kyauta.